Kano ma ƙasar waje ce

Jama'ar Geskeru da na Diffa, da duk masu saurarenmu a bakin Kumadugu, har da na ƙetaren ruwa.

Tun ranar da fuskar yaronmu ta fito a wani fim mai dogon zango, wayarmu ba ta huta ba. Ko ba ku san fuskarsa ba, kun san muryarsa: shi ne ke yin tsohon nan mai gardama a wasan kwaikwayonmu na daren Laraba, wanda ya hana a yi wa jikokinsa rigakafi har sai da matarsa ta yi yaji. Ba za mu faɗi sunansa ba, shi ya roƙi haka, amma ya yarda mu ba da labarin. Saƙonnin da ke shigowa kusan duk iri ɗaya ne: ta ina ake bi, wa za a gani, nawa ake samu. Ranar kasuwa kuma wata dattijuwa ta zo har gidan rediyo, 'yarta na biye da ita kai a sunkuye. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Ɗana, ku kuka sa mata wannan abu a kai. Wai Kano za ta, fim za ta yi. Sai ku gaya mani gaskiya."

Mun ba ta kujera, mun gaya mata abin da muka sani. Shi ne za mu maimaita maku a nan.

Mu nan ba mu ɗauki Kano a matsayin ƙasar waje ba, kuma da dalili. Naira na aljihunmu tare da sefa, da ita ake cinikin tattasai da kifi tun muna yara. Fina-finansu na cikin wayoyinmu, masu turi na loda mana su a bakin tasha. Shekarar da Arewa24 ta fara nuna Daɗin Kowa, wato 2015, ita ce shekarar da aka kai hari Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, dare ya zama na zaman gida. A wannan zaman ne Kamaye da Adama suka zama kamar maƙwabtanmu. Daga baya Kwana Casa'in ya zo, Labarina ya zo, Izzar So ya zo. Yaron da ya girma a rumfar gudun hijira a bakin kwalta yana kallon waɗannan mutane kullum, yana jin duk abin da suke faɗi, me zai sa ya ɗauka akwai wata iyaka tsakaninsa da su?

Haka shi ma ya ɗauka. Ya tashi bayan ƙaramar sallar 2022. Da can sai mutum ya ƙetare ruwa ya bi ta Gaidam da Gashuwa da Haɗeja, amma wa zai bi wannan hanya yanzu da daɗin rai? Sai ya yi zagaye: Maine, Gure, Damagaram, fiye da kilomita 400 ke nan, ya kwana a tasha, gari ya waye ya bi ta Matamaye ya shiga ta Daura. Kwana biyu a mota. A jakarsa akwai riguna uku, da takardar ɗan ƙasa, da lambar wani mai ɗaukar sauti da suka saba a Facebook, da katin waya cike da wasanninmu na rediyo don ya nuna abin da ya iya.

Abin da ya fara kayar da shi, bakinsa ne.

Ku tuna, yaron nan Barebari ne. Kanuri ya sha a nono, Hausa a kasuwa da wajen wasa ya tsince ta, Faransanci kuma a lakwal, kamar mu. A nan duk wanda ya ji shi cewa yake ya iya Hausa. A Kano, ranar farko da aka gwada shi a wani ofishi kusa da titin gidan zu, aka miƙo masa takardar labari aka ce ya karanta. Mu da muka yi karatun Faransanci mun san wannan ciwo: mun saba rubuta "tchi" a wurin "ci", mu sa "ou" a wurin "u". Ya ga "ciki" ya tsaya yana tunani ko "siki" ne. Mutumin da ke iya riƙe mintoci ashirin a gaban makirfo ba tare da takarda ba, sai ga shi yana in'ina kamar ɗan aji biyu. Da aka karɓe takardar aka ce ya yi da ka, sai ya yi, har daraktan ya miƙe tsaye. Wannan ne ya cece shi. Daga ranar ya samo dabara: da dare sai wani yaro ɗan Kano ya karanta masa layukansa a waya, shi kuma ya sa abin ji a kunne ya haddace, kamar yadda almajiri ke bin malam.

Sai kalmomi. Wata rana ana cikin ɗauka wuta ta ɗauke, ya ce "kuran ya tafi", jama'a suka fashe da dariya, wani na tambaya wace kura ce ta shigo unguwa. Ya ce isansi, su fetur suka sani. Ya ce buro, su ofis. Ya ce kabu-kabu, su acaɓa. Mafi muni, a wata fitowa aka ce ya faɗa wa budurwa lambar wayarsa, bakinsa ya zarce da "katar-ban-sez", don duk ɗan Nijar da Faransanci yake faɗin lamba ko bai taɓa shiga aji ba. Sau shida aka maimaita wannan fitowa. Mai kamara ya gaji, jarumar ta fara duba agogo, kuma a wurin ɗaukar fim duk wanda ya sa aka maimaita, kowa ya san shi ne ya hana jama'a cin abinci da wuri.

Akwai kuma abin da dariya ba ta shiga. Idan kun lura, a waɗannan fina-finai duk wani mai kuɗi, ko lauya, ko likita, ko ɗan boko, rabin maganarsa Ingilishi ce yake cusawa cikin Hausa. To ɗan Nijar fa? Ko yana da digiri daga jami'ar Yamai, ba zai iya wannan gauraye da sauri yadda kunnen Bakano zai yarda ba. Ke nan manyan matsayi sun rufe masa tun kafin ya buɗe baki. Abin da ya rage: mai gadi, mai shayi, ɗan garuwa, direba.

Aikinsa na farko fitowa huɗu ce, a matsayin abokin ango. Ya kira mu da murna ya gaya mana ranar da za a saka. Muka taru a gidan rediyo, har mahaifinsa aka ɗauko, Allah ya jiƙansa. Fuskar ta fito, muka yi ihu. Ya buɗe baki, sai muka ji muryar wani. Sun ɗora masa muryar wani ɗan Kano a sutudiyo, saboda wai harshensa na fita. Tsohon ya matso kusa da talabijin ya ce, "Wannan ɗana ne, amma wa ke magana?" Ba wanda ya amsa masa. Mu ma'aikatan rediyo ne, murya ita ce jarinmu, kuma da murya muka san yaron nan. A ɗauki fuskarsa a zubar da ita, wallahi abin ya tsaya mana a rai har yau. Shi ma bai sani ba sai da ya gani tare da kowa.

Bayan wata biyu wani furodusa ya neme shi, kuma saboda wannan harshen dai da aka goge. Ana son mai gadi ɗan Nijar, mai rawani, mai kwaɓa Hausa, a riƙa dariya. Aka ce masa ya ƙara karkata bakin, ya fi yadda yake magana da gaske. Ya kira mu cikin dare yana tambaya, "Yaya, in karɓa?" Mun yi shiru. Ta wani gefe, wannan ne matsayi na farko da zai daɗe a ciki, zango guda cur, da muryarsa ta kansa. Ta ɗaya gefen, yara a Kano za su ƙara samun abin tsokanar masu gadin unguwarsu, waɗanda 'yan uwanmu ne. Muka ce masa ya karɓa, amma ya yi ƙoƙari mai gadin ya zama mutum. Ko shawarar ta yi daidai, har yanzu muna gardama a kai a gidan rediyo. Abokiyar aikinmu mai shirin mata cewa take mun sayar da mutuncinmu da arha. Abin da muka gani dai, a hankali ya riƙa saka nasa: karin magana daga nan, wata dabara daga can, irin na tsohon nan na daren Laraba. Marubucin ya lura masu kallo na son mai gadin, sai ya fara ba shi magana mai ma'ana. A kashi na tara shi ne ya gaya wa maigidan gaskiyar da kowa ke tsoron faɗi.

Ba shi ne farau ba, kuma wannan ma mun gaya wa dattijuwar. Ku dubi sunayen kawai: Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi, da Hadiza Gabon, haifaffiyar Libarbil. Sun yi suna iyakar suna, amma sunan ƙasar na manne da su, kullum ana tuna masu daga inda suka zo. In aka koma baya sosai, Oumarou Ganda, wanda babban gidan raya al'adu na Yamai ke ɗauke da sunansa, a ƙasar waje ya fara fim. Ya dawo daga yaƙin Indocin, yana aikin ƙarfi a Abijan, Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Abin da ke burge mu a labarin: an ɗauki hoton babu sauti, daga baya aka zaunar da shi yana kallo yana magana da bakinsa, yana faɗin abin da ke ransa. Wannan muryar ce ta ɗaga fim ɗin. Ya dawo gida ya zama darakta, fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Shekara sittin da wani abu bayan Moi, un noir, ana goge muryar jikansa a Kano.

Mu zo kan kuɗi, tunda shi aka fi tambaya. Kafin ya tafi, a watan Fabrairu 2022, dattijuwar 'yar wasa Ladin Cima ta gaya wa BBC Hausa cewa naira dubu biyu zuwa dubu biyar ake ba ta in ta yi aiki. An yi ta cece-kuce, wasu manyan masana'antar suka musanta. Mun kunna masa hirar a lokacin, ya ce shi dai zai gwada. Abin da ya tarar, ƙaramin ɗan wasa da fitowa ake biyansa, babu takardar yarjejeniya, sai "za mu yi magana". Wani ya biya a ranar, wani sai an tace fim, wani kuma har yau. Ɗan gari in an hana shi yana da ƙungiya, yana da yayye, ya san gidan furodusan. Baƙo wa zai kai wa ƙara, da wace takarda?

Kuma ko an biya, naira ce. Mu nan mun fi kowa sanin abin da ya same ta. A 2015 jikka guda ta sefa ba ta kai naira 500 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. Abin da ya ji nauyinsa a hannu a Kano, in ya iso Geskeru aka juya shi sefa don sayen magani ko biyan kuɗin makarantar ƙanne, sai ya zama kamar an wanke shi. Ba shi da asusun banki a can, layin wayarsa ma da sunan wani aka yi rajista tunda sai da lambar ɗan ƙasa. Sai a tura kuɗinsa asusun abokinsa mai ɗaukar sauti. A farkon 2023, lokacin da aka canza takardun naira tsabar kuɗi ta ɓace, kuɗinsa na cikin asusun wani, wanin ma ba ya iya cirewa. Ya ce sati biyu garin kwaki da ƙuli ne abincinsa. Aika kuɗi gida kuwa ta tsohuwar hanyarmu yake yi: ya ba wani ɗan kasuwar tattasai a Kano, ƙanen ɗan kasuwar ya ba mahaifiyarsa a nan. Wannan hanya ba ta taɓa cin masa ko dala ba.

Wurin kwana, wata huɗu a sutudiyo yake shimfiɗa tabarma bayan kowa ya tashi, ya share da safe a madadin haya. Daga baya wani dattijo mutumin Maine mai sayar da turare ya ba shi ɗaki a zaurensa, don kawai ya ji yana Kanuri a waya. Shi ne ya tsaya masa lokacin da aka buƙaci wanda zai shaide shi wajen rajistar 'yan wasa, don a Kano akwai hukumar tace fina-finai tun 2001, kuma ba a son a ga mutum a gaban kamara ba a san daga ina ya fito ba. In kun tambaye mu yadda ɗan wasa ke rayuwa a ƙasar da ba tasa ba, to ga shi nan: wani ya karanta masa layi, wani ya ara masa asusu, wani ya ba shi zaure. Kowane ɗaya daga cikinsu ya janye hannu, ya faɗi.

Fim mai dogon zango kuma ɗaure mutum yake. Fim na da, kwana goma an gama, kowa ya kama gabansa. Wannan kuwa wata da watanni ne, da riga ɗaya, da gemu ɗaya; ba ka aski sai an ce, ba ka tafiya sai an ce, don abin da aka ɗauka yau zai haɗu da na wata uku da suka wuce. Babbar sallar 2023 a can ya yi ta. Ya ce zai zo da an kammala zangon.

Sai aka yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli 2023. CEDEAO ta sa takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta yanke wuta. Mun taɓa ganin rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, amma wancan na kaya ne ya fi yawa. Wannan har da maganar yaƙi a ciki. Ya ce a wurin ɗaukar fim ba wanda ya taɓa gaya masa baƙar magana, hasali ma mutanen Kano ba sa son yaƙin ko kaɗan, har addu'a ake yi a masallatai. Amma kullum sai an tambaye shi, "Ya mutanenku?" Ranar ya gane cewa shi da mutanensu daban ne, ko a bakin masu ƙaunarsa.

Cikin wannan hali mahaifinsa ya kwanta. Mu muka kira shi muka gaya masa. Saura fitowa goma sha ɗaya a gama zangon. Ya je ya sami mai fim ɗin, aka ce masa ba a hana shi ba, amma in ya tafi ba a san ranar dawowarsa ba tunda iyaka a rufe take, dole a sa mai gadin ya bar aiki a cikin labarin, a kawo wani. Ba za mu zagi mutumin ba, shi ma kuɗin hayar gida da na kamara na tafiya kullum. Yaron ya kira tsohon, tsohon da kansa ya ce ya tsaya ya gama, ai yana jin sauƙi. Kwana tara bayan haka aka yi rasuwar. An yi jana'iza ba shi, an yi sadakar uku da ta bakwai ba shi. Washegarin rasuwar ma sai da ya ɗaura rawani ya tsaya a bakin ƙofa ya ba mutane dariya, don ranar ce kawai aka samu gidan. In kun kalli kashin ƙarshe za ku ga idonsa ja. Masu kallo a Kano sun ce ya iya wasa.

Da aka gama ya biyo ta daji, babur zuwa babur, ana biya a kowane shinge, har ya faɗo ƙasar Damagaram. Ya iso kwana biyu kafin addu'ar arba'in. Ba a buɗe iyakar ba sai Maris 2024, kuma duk tsawon lokacin yana nan tare da mu, ya koma yin tsohonsa na daren Laraba. Da aka buɗe suka kira shi, wai masu kallo na tambayar mai gadi. Ya koma. Yanzu da Nijar ta fice daga CEDEAO tun Janairu 2025, har yau da takardar ɗan ƙasa yake wucewa, amma duk tafiya sai ya kira wani direba a Damagaram ya tambaya ko an canza wani abu a kan iyaka.

Duk wannan namiji ne. Shi ya sa muka gaya wa dattijuwar cewa na 'yarta zai fi haka nauyi. Mace ba za ta shimfiɗa tabarma a sutudiyo ba, ba za ta kwana a zauren mai turare ba, kuma duk wanda ya ara mata asusu ko ya ba ta ɗaki, sai an yi magana a can, a yi a nan. Zalika Souley, wadda ta fara fitowa a fim tun 1966 ta kuma yi wasa a fina-finan Oumarou Ganda, a garinsu Yamai ma sai da ta sha zagi saboda mutane sun kasa raba ta da matan da take kwaikwayo, ta kuma tsufa cikin rashi kafin rasuwarta a 2021. Amma ba mu ce wa yarinyar ba ta iya ba, don ta iya. Mun gwada ta a makirfo a ranar, ta yi mana uwar miji da amarya ita kaɗai, har mai gadinmu na gaske ya leƙo yana dariya.

Uwar ta saurari komai ba ta katse mu ba. Maganar murya ba ta dame ta ba, maganar naira ma haka. Da muka gama ta ce, "To a ina za ta kwana?" Muka kira yaron a gabanta, ya ce matar mai turaren na da ɗaki a cikin gida, zai tambaya, amma kada a taso sai ya ji daga bakinta, kuma sai wani babba ya rako ta ya ga wurin da idonsa. Dattijuwar ta ce kawun yarinyar zai je Kano da kaya bayan an cire tattasai, sai ya duba. Kafin nan mun ba yarinyar matsayi a wasanmu na Laraba, ita ce sabuwar surukar tsohon. Kowace yamma kuma tana zuwa gidan rediyo, muna koya mata karanta Hausa yadda ake rubuta ta a Kano. Jiya ta wuce "ciki" ba ta tsaya ba.